Kwamfuta da Wayar Hannu a Cikin Aji: Sharhi kan Ƙarfafa wa Ɗalibai Amfani da Fasahar Zamani

Gabatarwa

Muhawarar da ake yi kan ko ya dace a ƙarfafa wa ɗalibai amfani da kwamfuta da wayar hannu a cikin aji ta raba kan malamai da iyaye da hukumomin ilimi gida biyu, kuma kowane ɓangare yana riƙe da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Ɓangare na farko yana ganin cewa yaron da ya tashi a zamanin da ake neman aiki da biyan kuɗi da zana jarrabawa ta hanyar na'ura an tauye masa haƙƙi idan ya gama makaranta bai iya sarrafa na'urar ba, ɓangare na biyu kuwa yana ganin cewa wayar da ke aljihun ɗalibi ita ce babbar mai raba hankalinsa da darasi, saboda haka nesanta ta daga aji shi ya fi alheri. Abin da ake nufi da fasahar koyarwa a nan ya ƙunshi kwamfutar tebur, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da kwamfutar hannu mai siffar allo wadda ake sarrafawa da yatsa, da babbar waya mai shiga intanet, tare da manhajoji, wato shirye-shiryen da ake ɗora wa na'ura domin ta gudanar da wani aiki. Gwaje-gwajen da ƙasashe suka yi cikin shekaru ashirin da suka wuce sun isa a yi hukunci da su, kuma abin da suke nunawa shi ne amfanin na'ura a aji ya rataya ne a kan malamin da ke jagorantar aikin, da darasin da aka shigo da ita dominsa, da kuma dokar da aka gindaya mata.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja mafi kusa da ɗalibin Nijeriya ita ce ta jarrabawa. Hukumar JAMB, wadda ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a shekarar 2013, sannan ta koma ga wannan tsari gaba ɗaya a 2015, ita ma hukumar WAEC ta bi sahu a 2024 inda ta fara da masu zana jarrabawa daga waje. Yawan ɗaliban da ke zuwa cibiyoyin jarrabawa ba tare da sun saba da kwamfuta ba ya sa JAMB ta tsara yadda za a amsa tambayoyi da 'yan maɓallai kaɗan, wato a danna A ko B ko C ko D domin zaɓar amsa, a danna N domin wucewa gaba, a danna P domin komawa baya. Wannan sauƙaƙawa ta rage matsala, amma ba ta kawar da fargabar yaron ƙauye da ya zauna gaban allon kwamfuta a karon farko a ranar da makomar karatunsa ke hannunta ba, yana kallon lokaci yana ƙarewa a kusurwar allon, alhali na kusa da shi wanda ya tashi da na'ura a gida ya riga ya yi nisa. Ilimin biyun yana iya zama ɗaya, amma sakamakonsu ya bambanta saboda abin da bai shafi darasin ba.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin littattafai, domin na'ura guda tana iya ɗaukar littattafan shekaru da dama da tambayoyin jarrabawar baya da hotuna masu motsi da ke nuna abin da makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ba za ta iya nunawa ba, kamar yadda jini ke zagaya jiki ko yadda husufin rana ke aukuwa. A kan wannan tunani ne jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutocin hannu a 2013 ƙarƙashin shirin Opon Imo, haka kuma a watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa kyauta cikin Ingilishi da Hausa da Yarbanci da Ibo. Annobar korona, wadda ta sa aka rufe makarantu a 2020 har ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi a duniya suka zauna a gida, ta ƙara wa wannan hujja ƙarfi, domin waɗanda suka ci gaba da karatu su ne waɗanda darasi ya iya riskarsu ta intanet ko talabijin ko rediyo. Ga ɗalibai masu buƙata ta musamman kuwa, amfanin ya fi fitowa fili, tun da akwai manhajar da ke karanta wa makaho rubutu da murya, da wadda ke mayar wa kurma magana zuwa rubutu.

Hujja ta uku, wadda ta fi sauran nauyi a wurin masu bincike, ita ce koyarwa daidai da matakin kowane ɗalibi. A ajin da ke da yara masu yawa, malami yana bin jadawalin aji ne, sai ya zama wanda aka bari a baya tun aji biyu yana ta ƙara nisa da darasi har aji shida. Masu karatun allo sun daɗe da maganin wannan matsala, domin kowane almajiri allonsa daban da inda ya tsaya, kuma ba ya wankewa ya yi sabon rubutu sai malam ya tabbatar ya iya na baya. Manhajar da ake kira mai bin matakin ɗalibi irin wannan aiki take yi: tana gwada yaro da tambayoyi har ta gano inda ya tsaya, sannan ta riƙa ba shi aikin da ya dace da shi, tana ƙara masa wahala gwargwadon ci gabansa. An gwada wata irinta mai suna Mindspark a birnin Delhi na Indiya da ɗaliban ƙaramar sakandare, inda suke yin minti 45 a kan kwamfuta da wasu minti 45 tare da malami a ƙaramin rukuni, kuma binciken da Karthik Muralidharan da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin wata huɗu da rabi ɗaliban sun zarce takwarorinsu sosai a lissafi da harshen Hindi.

Darasin manyan shirye-shiryen raba na'ura

Tarihi ya nuna cewa raba na'ura kaɗai ba ya haifar da ilimi, kuma babu misalin da ya kai shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte na cibiyar MIT da ke Amurka ya ƙaddamar a 2005 da burin ƙera kwamfutar da ba za ta wuce dala 100 ba. Tunanin shirin shi ne idan aka miƙa wa yaro kwamfuta zai koya wa kansa abubuwa da yawa ko da malami bai taimaka masa ba. An gwada shi a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, sai dai bai faɗaɗa zuwa sauran makarantun Nijeriya ba. Ƙasar Peru kuwa ta sayi ɗaruruwan dubban kwamfutocin, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya gudanar a makarantun karkara 319, wanda aka fitar a 2012, bai ga wani ƙari a sakamakon yaran na lissafi da harshe ba, ko da yake sun iya sarrafa kwamfutar kuma an ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu. Kwamfutocin sun isa makarantu, amma ba a ɗaure su da darussan aji ba, kuma horon da malamai suka samu bai taka kara ya karya ba.

Kenya ma ta bi wannan hanya lokacin da gwamnati ta yi alkawarin bai wa 'yan aji ɗaya kwamfutoci a 2013, aka fara raba kwamfutocin hannu a 2016 har suka haura miliyan ɗaya, daga baya matsalolin horar da malamai da wutar lantarki da gyara suka sa hukumomi suka karkata ga gina ɗakunan kwamfuta a makarantu. Yurugwai ce ta fi cin moriyar irin wannan shiri, domin tun da ta kafa shirin Ceibal a 2007 ba ta tsaya ga raba na'ura ba, ta haɗa makarantu da intanet, ta kafa hukuma mai kula da gyara da horo da tsara darussa, kuma ta ɗore a kan haka duk da sauyin gwamnatoci, abin da ya sa ta shiga cikin ƙasashen da rufe makarantu a 2020 bai yi wa mummunar illa ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan ƙasashe yana ga abin da aka gina a kewayen na'urar, da kuma tsawon lokacin da aka jure ana kula da shi.

Misalai biyu na kusa

A Jamhuriyar Nijar an yi wani gwaji da ya cancanci a tsaya a kansa, domin an yi shi ne da ƙaramar waya mai maɓallai a ƙauyukan da ba su da wutar lantarki. Tsakanin 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar da ajujuwan yaƙi da jahilci na manya a jihohin Doso da Damagaram, ana koyarwa da harsunan gida irin su Hausa da Zabarmanci, sai aka ƙara wa wasu ƙauyukan darasin waya, inda aka bai wa kowane rukunin mutum biyar waya guda, aka koya musu kunnawa da kashewa, da gane lambobi da baƙaƙe a jikin maɓallai, da buga waya, da rubuta gajeren saƙo da karanta shi. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka sami darasin waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma fifikonsu a lissafi bai gushe ba wata bakwai bayan an rufe ajujuwan. Dalilin a fili yake, domin wayar ta ba su wurin yin aiki da abin da suka koya a kullum, ko wajen aika saƙo ga ɗan'uwa da ya tafi cin rani, ko wajen tambayar farashin hatsi a kasuwa, sai karatun ya zauna maimakon ya zube.

Misali na biyu shi ne shirin EdoBEST da jihar Edo ta fara a 2018, wanda ya ɗora na'urar a hannun malami maimakon hannun ɗalibi. Ana tura wa malami tsararren darasi a kan kwamfutar hannu, ita kuma na'urar tana adana bayanin zuwan malamai da ɗalibai da kuma yadda aka gudanar da darasin, abin da ke bai wa masu duba makarantu damar sanin inda ake buƙatar taimako. Jihar Legas ta ɗauki irin wannan tsari a 2019. Akwai masu sukar sa da cewa yana mayar da malami mai karanto abin da wani ya rubuta, kuma sukar tana da tushe, amma tsarin ya nuna cewa a inda kuɗi ya yi ƙaranci, na'ura ɗaya a hannun malami tana iya amfanar aji guda.

Hujjojin masu adawa

Babbar hujjar masu adawa ita ce ɗauke hankali, domin manhajojin sada zumunta an tsara su ne yadda za su riƙa janyo mai waya ya duba su a kai a kai, kuma hankalin da ya bar darasi ba ya dawowa nan take. A jarrabawar PISA ta 2022, wadda ƙungiyar OECD ke shirya wa 'yan shekara 15, kimanin kashi 65 cikin ɗari na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar sun ce na'urori suna ɗauke musu hankali a wasu darussan lissafi, kashi 59 kuma sun ce na'urorin da abokan ajinsu ke amfani da su ne ke damun su. Sai dai wannan jarrabawar ta nuna cewa waɗanda ke amfani da na'ura domin karatu na abin da bai wuce awa ɗaya ba a rana sun fi waɗanda ba sa amfani da ita sam da maki 14 a lissafi, wanda hakan ya yi daidai da rahoton ƙungiyar na 2015 da ya gano cewa masu matsakaicin amfani da kwamfuta a makaranta sun ɗan fi sauran, masu yawan amfani da ita kuwa sun koma baya.

Binciken da Louis-Philippe Beland da Richard Murphy suka yi a makarantun birane huɗu na Ingila ya nuna cewa sakamakon jarrabawa ya inganta bayan an hana waya, kuma raunanan ɗalibai ne suka fi amfana, amma da aka maimaita irinsa a Suwidin ba a ga wani bambanci ba. Duk da wannan saɓani, ƙasashe da dama sun ɗauki mataki: Faransa ta kafa dokar hana waya a firamare da ƙaramar sakandare a 2018, ƙasar Sin ta taƙaita shiga makaranta da ita a 2021, Holan ta fitar da ita daga ajujuwan sakandare daga Janairun 2024, Birazil kuma ta yi tata dokar a farkon 2025. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen shigar da na'urori makarantun yara, ta juya a 2023 ta ƙara zuba kuɗi a littattafan takarda. Ban da ɗauke hankali, akwai satar amsa, da cin zarafin ɗalibai ta hanyar yaɗa hotunansu, da kallon abubuwan da ba su dace da tarbiyya ba, da kwasar bayanan yara da kamfanoni ke yi, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta gano a 2022 cewa kashi 89 cikin ɗari na manhajojin karatu da ta bincika suna iya bibiyar yaran da ke amfani da su. Ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke iya tsara amsa kamar mutum, ta ƙaro sabuwar damuwa, domin ɗalibi yana iya miƙa aikin gida cikakke ba tare da ya yi tunani a kansa ba.

Idan aka lura da kyau, yawancin dokokin hanin sun shafi wayar ɗalibi ta ƙashin kansa ne, kuma da yawansu sun bar ƙofa ga amfani da na'ura domin darasi ko domin lalurar lafiya. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma bai nemi a kori fasaha daga makaranta ba, abin da ya nema shi ne a shigo da ita a inda aka tabbatar tana taimaka wa koyo, kuma kada ta maye gurbin malami. Ke nan ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba, domin ɗaya yana magana ne kan na'urar da malami ke juyawa, ɗayan kuma kan wayar da ke juya ɗalibi.

Halin makarantun ƙasar Hausa

Kafin a kwaikwayi kowane ɓangare, wajibi ne a dubi halin da makarantun gwamnati ke ciki a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, inda damuwar mafi yawan yara ba yawan na'ura ba ce, rashinta ne. Rahoton UNESCO da aka ambata ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari ne kawai na makarantun firamare na duniya ke haɗe da intanet, kuma makarantun karkara na wannan yanki suna cikin waɗanda ba su da ko wutar da za a yi caji. Kuɗin sayen na'ura somin-taɓi ne, domin bayansa akwai kuɗin sola da batir da data da gyara da wurin ajiya mai tsaro, ga ƙura da zafi da ke rage wa na'ura kwana. Idan kuma aka ce kowane ɗalibi ya zo da wayarsa, to an buɗe ƙofar wariya tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka, da kuma tsakanin namiji da mace, tun da a gidaje da yawa yarinya ce ta ƙarshe da ake bari ta riƙe waya.

Abu mafi muhimmanci shi ne tushen karatu, domin ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya nuna cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. Yaron da bai iya karatu ba, intanet ba za ta amfane shi da komai ba sai kallon hotuna, saboda haka fasahar da ta fi dacewa da ƙananan ajujuwa ita ce wadda ke taimaka wa malami ya koyar da baƙaƙe da haɗa su cikin harshen da yaro ke ji. Wannan yana buƙatar darussa masu inganci da aka tsara da Hausa tun daga tushe, masu aiki ko babu intanet, tare da ci gaba da amfani da rediyo, wanda jihohin Kano da Kaduna suka dogara da shi wajen isar da darussa a lokacin korona.

Kammalawa

Hukuncin da waɗannan hujjoji suka kai ga shi shi ne ya dace a ƙarfafa wa ɗalibai amfani da fasaha a cikin aji, amma bisa sharuɗɗa da kuma bin tsari daki-daki. A firamare, na'ura ta kasance a hannun malami ko ta zama mallakar makaranta da yara ke amfani da ita rukuni-rukuni na ɗan lokaci, ba tare da an rage wa littafi da alƙalami matsayinsu ba. A sakandare, kowane ɗalibi ya sami lokacin zama gaban kwamfuta a kowane mako tun kafin shekarar jarrabawa, a koya masa buga rubutu da neman bayani da tantance gaskiyarsa da kare sirrinsa, wayarsa ta kansa kuwa ta zauna a ajiye sai malami ya nemi a fito da ita domin wani aiki takamaimai. Dokar amfani da waya a rubuta ta tare da ƙungiyar iyaye da malamai, domin dokar da iyaye ba su amince da ita ba ba ta daɗewa. Kwalejojin horar da malamai su ma su sanya koyarwa da na'ura cikin aikin koyarwa na gwaji, maimakon taron bita na kwana biyu bayan an riga an sauke kwalaye.

Nauyi mafi girma yana kan gwamnatocin jihohi da hukumomin ilimin bai-ɗaya, waɗanda ya kamata su tanadi malamin da aka horar da wutar caji da darussa cikin harshen yaro da kuɗin gyara kafin su ba da kwangilar sayen na'ura ko guda. Iyaye da malamai kuma haƙƙinsu ne, duk lokacin da aka zo makarantarsu da sabon shiri, su tambayi wane darasi na'urar za ta koyar, wa zai kula da ita idan ta lalace, kuma ta yaya za a gane ko yara sun ƙaru bayan shekara guda. Shirin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi uku bai cancanci kuɗin jama'a ba.